Azumin da Na Wanke Bango

Bana azumi ya sake faɗowa cikin sanyi. Tun da wata ya tsaya ruwa bai ɗauke sosai ba, irin yayyafin nan na London da ba ya ƙarfi kuma ba ya tsayawa, sai ka dawo gida ka ji mayafinka ya yi nauyi. Ranar Lahadi bayan la'asar ina cikin wanke wake Nafisa ta kira ni. Yarinya ce 'yar Katsina da muke haɗuwa a masallaci, tana zaune a Dagenham da mijinta da 'ya'ya biyu a ɗaki ɗaya. Ta ce mutanen council, wato ƙaramar hukumar da ke raba gidaje, za su zo duba ɗakinsu ranar Alhamis saboda sun nemi a sa su a layin masu jiran gida, ko zan ara mata jan kafet ɗina da kaskon turare. Na ce mata zan yi tunani. Daga shirun da ta yi na san ta ɗauka rowa ce. Da na ajiye wayar na kasa komawa kan waken. Na ɗauko gwangwanin biskit da nake ajiye wasiƙu a ciki, na zauna a bakin gado.

Ni mace ce mai ajiye takarda. Firamare kawai na yi a Zariya, saboda haka takardar da ban gane ba tsoronta nake ji, wadda na gane kuma ba na saurin yarda da ita. Malam, mijina, yakan ce idan na kulle ƙofa sai na koma sau uku na taɓa ta. Gaskiya ya faɗa. Wasiƙar da nake nema tana can ƙasan gwangwanin, ta haura shekara ashirin.

A lokacin muna Deptford, a wani tsohon gida da aka yanka ɗaki-ɗaki, bayan titin kasuwa. Mu biyar ne a ɗaki ɗaya na ƙasa: ni da Malam, da Ummi, da Sadiya, da Abba yana goye. Malam yana gadi a wani babban kanti. Kicin ɗaya da banɗaki ɗaya muke haɗawa da mutanen sama. Azumin shekarar a farkon sanyi ya zo, ƙarfe huɗu da 'yan mintoci an sha ruwa. 'Yan'uwa a gida suna cewa mun ji daɗi, azuminmu gajere ne. Ban iya yi musu bayani ba. Yunwar sanyi ba irin ta zafi ba ce. Ba ka jin ƙishirwa, amma cikinka yana komawa kamar an zuba ƙanƙara, yatsu su ƙage, ka riƙe cokali ka kasa juya shi.

Kowace safiya da tsari ɗaya take farawa. In gari ya waye sai in ɗauki tsumma in goge ruwan da ya taru a jikin taga, in matse a kwano, wani lokaci kwanon ya kai rabi. In janye katifar yara daga bango, domin gefenta ya kwana yana shan danshi, in jingine ta a jikin ƙofa. Hitar ɗumama ɗaki mai gidan da muke haya ne ya saita ta, takan kama kaɗan da safe, kaɗan da yamma, sauran yinin kuwa ƙarfen sanyi ne kawai a jikin bango. Wanki babu inda za a shanya shi sai cikin ɗakin, a igiyar da muka ɗaura daga ƙusar labule zuwa bayan ƙofa, kuma sai ya kwana uku bai bushe ba. Sai kuma bangon. Kusurwar da ke bayan gado ta yi baƙi ƙirin da fumfuna, tun daga ƙasa har ta wuce tsawona, tana wari irin na buhun da ruwa ya daka aka manta da shi. Takalman Juma'ar Malam da ke ƙarƙashin gado har koren gashi suka yi. Garin tuwo in na bar shi a buɗe sai ya dunƙule.

Duk wannan da zan iya haƙuri da shi, ba don ƙirjin Sadiya ba. Shekararta huɗu. In sanyi ya shigo sai numfashinta ya riƙa fita da wani siririn sauti kamar kukan ɗan mage, haƙarƙarinta yana shiga yana fita. Likita ya ba mu abin shaƙa, ya ce ɗakin ne, ya kuma rubuta takarda ya ce mu nuna wa council. In aka sa mu a layi, ko ba yau ba, wata rana za mu sami ɗaki mai busasshen bango. In ba a sa mu ba, to Sadiya da wannan kusurwar ne har abin da Allah ya yi.

Wadda ta cike mana fom ɗin ita ce Mama Rahila, da ke ɗakin da yake saman namu. 'Yar Pankshin ce, Kirista, ta girme ni da kamar shekara goma, tana aikin kula da tsofaffi. Tana da baki, tana da Turanci, ba ta tsoron ofis. Ba ta azumi, amma in ta dawo aikin safe sai ta tarar da ni a kicin ta naɗe hannun riga, mu murje wake tare, ita tana markaɗe ni ina suya. Kunun gyaɗarta ya fi nawa, kuma ta san haka. Kullum kafin magariba sai ta sauko mana da jug guda. Uwar wasiwasi take kirana, domin ta taɓa kama ni ina duba murhun gas da ita ta kashe da hannunta.

A satin farko na azumi wasiƙa ta zo cewa za a turo mai duba ɗaki ranar Laraba. Mama Rahila ta karanta mana, ta ce madalla, su zo su gani da idonsu. Washegari ta tafi aikin kwana uku a gidan wata tsohuwa, ta bar mini makullinta in riƙa buɗe mata taga.

To ni abin da na sani game da ma'aikacin hukuma mai shiga gida ya duba shi ne duba-gari. Muna yara a Zariya, in aka ce duba-gari ya shigo unguwa, Innata takan tashe mu a wanke randa, a share tsakar gida, a zuba toka a makwarara, a rufe bakin masai. Yakan leƙa randa da fitila, in ya ga tsutsa ko ɗaya ce sai maigida ya amsa kira. Gidan da aka samu da ƙazanta kuwa matar gidan ba ta ƙara ɗaga kai a wurin biki. Da wannan na girma. Ga kuma abin da mata ke faɗa a masallaci, cewa a ƙasar nan in suka ga yara cikin ƙazanta ɗauke su suke yi. Ban san wadda aka taɓa yi wa haka ba, amma maganar ta zauna mini a ƙirji.

Ranar Litinin da hantsi sai ga mai gidan. Mutumin da muka shekara biyu muna kira a kan bangon nan bai zo ba, sai ga shi da gwangwani biyu na farin fenti da buroshi, yana murmushi, ya ce kyauta ce saboda ya ji bikinmu ya kusa. Raina ya ɗan sosu, amma na yi godiya har da rusunawa.

Kwana biyu muka yi muna aiki da azumi a bakinmu. Na kankare bangon da wuƙar kicin, na wanke shi da bleach har idanuna suka yi ja, fatar yatsuna ta tattare. Warin ya shiga maƙogwarona sosai har na tsaya na tambayi Malam ko azumina ya karye. Ya ce bai karye ba. Duk da haka bayan salla na rama ranar. Shi kuma in ya dawo aiki sai ya shafa fenti, muka yi shafi biyu. Muka buɗe taga don ya bushe, sanyi ya shigo, na naɗe yara cikin bargo a kan matakala. Jiƙaƙƙen wankin na cusa a leda na kai ɗakin Mama Rahila, katifar yara ma can na ja ta, mataki ɗaya-ɗaya, ina hutawa saboda jiri. Na cire igiyar shanya. Na ɗauko zanin gadon aurena da ban taɓa shimfiɗawa a London ba. Ranar Laraba da safe na kunna turaren wuta, na sa wa yara kayan sallar bara. Abin da har yau ba na son tunawa shi ne, da na hango matar da council ta turo a bakin ƙofa, na ja Sadiya bayan labule na ba ta abin shaƙa sau biyu, don kada ta yi tari a gaban baƙuwa.

Matashiya ce, rigarta a jiƙe, tana riƙe da allon rubutu. Na kawo mata shayi da cincin ko da yake mu ba ma ci. Ta kalli ɗakin ta ce ya yi kyau, ta ce ƙamshin ma ya yi mata daɗi. Na ji sanyi a raina. Ta tambaya ko akwai wata matsala. Na ce mun gode Allah. Takardar likita tana cikin gwangwanin nan, ban fito da ita ba, domin ba ta tambaya ba, kuma ina tsoron ta ce ni na bar yarinya ta yi ciwo. Ba ta yi minti goma ba ta tafi. Da yamma Malam ya ce na fitar da shi kunya.

Kafin sati ya zagayo baƙin ya fara ɓullowa ta cikin fentin, ɗigo-ɗigo kamar shayi ya fantsama a farin zane. Ana cikin goman tsakiya wasiƙa ta iso. Malam ya karanta layukan farko, ya ninke ta, ya ce ba za su sa mu a layi ba, sun ce inda muke ya wadatar. Ya ce Allah bai yi ba tukuna. Ya sa hula ya tafi aiki.

Ni kuwa ban yarda haka kawai abin ya faru ba. Ɗaki ɗaya, mutum biyar, yarinya ba lafiya, a ce ya wadatar? Wani ne ya sa hannu. Na fara da matar council: na tuna ta kalli 'yan kunnena, wataƙila ta ɗauka zinariya ce. Na koma kan wata mata a masallaci da na taɓa gaya wa muna nema, ita kuma ta daɗe tana jira. Na zargi mai kawo wasiƙa ma. Amma duk inda na zaga sai in dawo kan fentin. Ta yaya mai gida ya san ranar da za a zo? Mu uku muka san wasiƙar, ni da Malam da Mama Rahila. Sai na tuna ita ma tana cikin layin nan shekara da shekaru, kuma da bakinta ta taɓa ce mini masu ƙananan yara ake fara dubawa. In muka shiga, gabanta za mu wuce. Na tuna na taɓa ganinta a bakin ƙofa ita da mai gida suna dariya. Kuma me ya sa aikin kwananta ya faɗo daidai ranar?

Ban ce mata komai ba. Da ta tambaya ko amsa ta zo, na ce shiru har yanzu. Na sauya lokacin shiga kicin, na koma suya tun azahar, ƙosai ya huce ya yi tauri kafin a sha ruwa. Kununta kuwa in ta sauko da shi sai in karɓa a bakin ƙofa in yi godiya, in ta hau in juye shi a makwarara. Sai kuma in zauna ina jin tsoron alhakin zubar da abinci a watan azumi. Ummi ta tambaye ni me ya sa kunun yanzu ba ya daɗi, na ce ta yi shiru ta sha. Ranar salla na aika mata tuwo ta hannun Malam don kada a ce, amma ban hau ba. Haka muka ƙarasa watan, ruwa yana zuba, taga tana zufa, ina jin takunta a saman kaina ina lissafa inda ta nufa.

Kwana huɗu bayan salla, da rana tsaka, ƙirjin Sadiya ya tashi fiye da kullum. Abin shaƙa bai yi ba. Mama Rahila tana saukowa ta jiyo sautin daga matakala, ta turo ƙofa ba sallama, ta sunkuce ta, ta ce in ɗauko jaka. Sai la'asar muka dawo daga asibiti, an sa mata iska ta samu sauƙi. Malam yana zaune a kan darduma. Mama Rahila ta kwantar da yarinyar, ta tsaya tana kallon bangon, fari a sama, baƙi yana cinye shi daga ƙasa. Ta tambaya wa ya yi fenti, kuma yaushe. Na gaya mata. Sai abin da na daɗe ina riƙewa ya fito.

Na ce, "Mama Rahila, don Allah wa ya gaya wa mai gida ranar da za su zo?"

Ta juyo ta dube ni. "Au, shi ya sa jug ɗina yake dawowa da warin makwarara? Maman Ummi, ni kike nufi?"

Malam ya gyara zama, ya yi gyaran murya, ya ce shi ne. Ya ce bai dace a kawo hukuma gidan mutum ba tare da an sanar da shi ba, saboda haka tun ranar Lahadi ya kira shi ya gaya masa.

Mama Rahila ta zauna a bakin gado ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ku biyun nan Allah ne ya haɗa ku. Ɗaya ya kira mai gida, ɗaya ta yi wa bango wanka. Kawo wasiƙar, na san ta zo."

Na buɗe gwangwanin na miƙa mata. Ta juya bayan takardar, inda Malam bai kai ba, ta karanta mana tana fassarawa a hankali. An tarar da ɗaki tsaf, da sabon fenti, ba a ga danshi ba, ba a ga alamar cunkoso ba, matar gida ta ce babu matsala. Kowane layi aikin hannuna ne. A can ƙasa kuma an rubuta cewa wanda bai yarda ba yana da sati uku ya nemi a sake dubawa. Ta ƙirga da yatsu. Saura kwana huɗu. Duk kwanakin da na yi ina ɓoye mata wasiƙar, lokacin Sadiya nake ƙonawa.

A ranar ta rubuta takardar koke a kan teburin kicin. Ta sa na faɗi komai da bakina, har da katifar da na ja sama da abin shaƙar da na bayar a bayan labule, ta ce in ba a rubuta gaskiya ba za su ce mun yi ƙarya sau biyu. Ta kai da ƙafarta, ta sa aka buga mata hatimi a kwafi. Da ta dawo ta shiga ɗakina ta kwashe bokiti da buroshi da sauran bleach da ragowar fenti, ta hau da su ta kulle.

Sai tsakiyar sanyi suka sake zuwa, wajen sati shida. Ban taɓa yin kwanaki masu nauyin waɗannan ba. Ina kallon baƙin yana hawa kullum, hannuna yana ƙaiƙayi. Mun dai matsar da shimfiɗar Sadiya zuwa bakin ƙofa, da rana kuma tana wuni a sama wurin Mama Rahila in tana gida. Sau ɗaya na ɗauki tsumma na nufi kusurwar, sai na ji takunta a matakala na jefar.

Wannan karon namiji ne, dattijo. Wanki yana rataye yana ɗiga, katifa a ƙasa, kwanon ruwan taga a inda yake. Na tsaya a bakin ƙofa na ja mayafi na rufe rabin fuskata, ina jin kamar Innata tana kallona. Mama Rahila tana bayana ta riƙe gefen zanina, ta raɗa mini cewa ko ruwa kada in ba shi. Ya ja gadon, ya ga bangon, ya ɗan ja da baya. Ya dafa wani ɗan ƙarfen gwada danshi a jikin bangon ya rubuta. Sai ya tambaya ko akwai abin da nake so in faɗa. Wallahi godiyar Allah ce ta fara zuwa bakina. Ta mintsine ni. Na miƙa masa takardar likita, na ce da ɗan Turancina yarinyata ba ta iya numfashi a ɗakin nan. Sadiya kuma ta yi tarinta, ban hana ta ba.

An sa mu a layi. Mun ƙara sanyi biyu a Deptford kafin a ba mu wannan flat ɗin da nake ciki, kusa da Old Kent Road, hawa na uku. Ranar da muka tare na bi bango ɗaki-ɗaki ina dafawa da tafin hannu. Mama Rahila sai bayanmu da shekara guda ta sami nata. Lissafina na cewa za mu wuce gabanta daidai ne, kuma ta san haka lokacin da take rubuta mana takardar. Na nemi gafararta, ta ce ba ta yafe kunun ba, sai na biya da ƙosai. Yanzu ta koma Jos, muna waya. Har yau dai ban san abin da ya ba su dariya ita da mai gida a bakin ƙofa ba, kuma ban tambaya ba. Sadiya ta yi aure, amma ba ta fita ba abin shaƙa a jaka, kuma duk sanda na ji ta yi tari sai in tuna labulen.

Nafisa ta ce yanzu komai ta waya ake cikewa, ba ka ganin fuskar kowa, kuma da yawa tun daga fom ake mayar da su. Ita ta yi sa'a ma da za a zo. Jiya Laraba na hau jirgin ƙasa na tafi Dagenham, ba kafet, ba kasko. Na tarar da ita ta sa safar roba, ta ɗaure hanci da ɗankwali, bokiti yana kumfa a gaban wani bango da na gane warinsa tun daga ƙofa. Na zauna na ba ta labarin nan duka. Ta saurara, sannan ta ce, "Haba Umma, so kike su ce ni ƙazama ce?" Na ce eh, haka nake so. Na zubar da ruwan, na ɗauko bokitin da kwalbar bleach ɗin na taho da su, mutane suna kallona a jirgi. Ga su nan a bayan ƙofata.

Yau Alhamis, ƙarfe biyu za su zo. Na kira ta sau uku tun safe, ta rantse ba ta taɓa bangon ba. Amma a kira na ƙarshe na ji kamar ƙarar ruwa a bayan muryarta, kuma sai yanzu na tuna ban duba ƙarƙashin wurin wanke-wankenta ba, ko akwai wata kwalbar. Ƙarfe sha ɗaya bai yi ba tukuna. Bari in ɗauko mayafina.